Jinin Aro a Kwatano

Tun da muka dawo daga Kwatano ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta Harobanda ba. Wannan ya ce Mushe ya teku, wancan ya ce da gaske ne mata na tuƙa babur da kaya niƙi-niƙi, wani ya ce to gidan fa, Alhaji ya saya ko bai saya ba. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya ga na tona asirin gidanmu ya yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi.

Alhaji Sani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ya ba ni. Muna yara mahaifinmu ya kawo mu Yamai daga Maradi. Shi ya bi kasuwa, ni aka kai lakwal, makarantar boko, shi ya sa yau yake da bene a Yantala, ni kuma ina haya ina koya wa ƴaƴan mutane faransanci, har sunana Isufu ya ɓace, kowa Mushe yake ce mini, wato malam. Tayoyi da batura yake shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano. Shekara da shekaru in ya je can a unguwar Zango yake sauka, yana kwana ɗaki ɗaya da ƴan tireda, bai taɓa jin komai ba. Sai wani maƙwabcinsa na kasuwa ya sayi gida a can. Shi ke nan barci ya ƙaurace wa Alhaji. Ya sa aka nemo masa gida, ya ba mai gidan abans mai nauyi, wato kafin alƙalami, gaban noter mai shaida ciniki, da sharaɗin in wata biyu suka cika bai kawo ciko ba, abans ya tafi. Kuɗinsa kuwa duk suna cikin kaya, don haka wani banki na can zai ranta masa cikon. Abin da ya rage shi ne mai karanta masa takardu wanda ba za a biya ba.

"Mushe, ai kuna bakans, an rufe makaranta," in ji shi. "Zo ka raka ni ka ga duniya."

Mutumin da zai iya sayen tikitin jirgi goma bai ji ba, a kar, babbar motar fasinja, ya zuba mu da asuba, wai jirgi na masu gaggawar banza ne. Kujerata ta baya ce, kan taya. Kusa da ni wata Bazabarma ce mai zuwa sarin atamfa, ta cika kujerarta ta ci rabin tawa. Kafin mu kai Dosso ta san sunana da aikina da yawan ƴaƴana. Ta leƙa fuskar Alhaji, ta dawo ta dube ni, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ku tagwaye ne? To me ya sa ɗaya ya ƙoshi, ɗaya bai ƙoshi ba?" Duk motar aka yi dariya, har Alhaji. Ni dai na juya wajen taga.

A Gaya aka sauke mu don mu taka gada da ƙafa. Nan na tuna ba ni da katin rigakafi, wannan mai ruwan ɗorawa. Na ce wa Alhaji sai mu nemi inda ake allurar. Ya dube ni kamar na ce mu koma Yamai da ƙafa. Ya yafito wani ɗan kamasho da ke zaune gindin bishiyar bedi, ba kaki ba komai, da jakar leda a hammata. Mutumin ya tambayi sunana, ya zaro kati, ya buga hatimi a kan gwiwarsa, ya hura, ya miƙo mini. Allura ko ƙamshinta ban ji ba. Muka ƙetare lafiya lau.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Ku ƴan boko kun ɗauka takarda wata tsiya ce. Takarda ai takarda ce."

A Paraku aka tsaya cin abinci. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa mutanen nan, sun iya sakwara. Mata uku kan turmi ɗaya, ta fito sumul, ga miyar gyaɗa da wani cuku nasu mai jan baya da suke soyawa. Alhaji ya share malmala uku, ya kora da lemun kwalba biyu masu sanyi, sannan ya zaro gwangwanin ƙwayoyinsa daga aljihu ya watsa a baki. Ciwon sukari gare shi da hawan jini, shekara kusan goma, kuma duk abin da likita ya hana shi ne abincinsa. Na ce, "Yaya, lemu biyu?" Ya ce in bar shi, tafiya ce.

Da muka gangara kudu, a wani gari da ban riƙe sunansa ba, motarmu ta tsaya cak kusan awa guda. An kafa rumfuna a tsakiyar titi, ana kiɗa da ƙaho, jama'a sun yi anko, mata na rawa da kwanonin abinci a ka. Na ce auren wani babba ake. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar da ke gabanmu ya ce a'a, jana'iza ce. Mamacin ya yi wata biyu cikin firji ana jiran ƴaƴansa su taru, a ɗinka anko, a buga hotonsa a riguna. Ya ce akwai ma masu zuba kuɗi duk wata tun suna da rai don ranar. Na fassara wa Alhaji, muka yi ta salati muna jinjina kai. Mu da mutum zai cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi. Na ce a raina waɗannan mutane sun mai da mutuwa sana'a, kuma na faɗa a fili da Hausa, don na san ba mai ji.

Mai masaukin Alhaji a Zango wani dattijo ne, Baba Garba. Can aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Tawa da fataucin goro. Hausarsa ta sha ruwan teku, faransancinsa kuwa na bakin tasha ne, amma ba ofishin da bai san mai gadinsa ba. Ya ba mu ɗaki mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Zafin Yamai na ƙona mutum ya bar shi a bushe. Na Kwatano jiƙa ka yake yi, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Riga in ka wanke ta kwana biyu tana ɗigar ruwa. Ga ƴan kabu-kabunsu, masu haya da babur, da rigar ruwan ɗorawa, kamar fara, ba mai tsayawa wani. Na farko da na hau ya ratsa da ni tsakanin tirela biyu, na sauka, hulata kuwa har yau tana can.

Washegari muka je banki. Aka kai mu wurin wata Madam mai tabarau, yarinya ce ba ta kai ɗiyar Alhaji ta fari ba, amma tana magana kamar alƙali. Ta ce takardun kasuwancinsa sun yi, za a ba shi rancen. Sai dai shi baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba, iyalinsa da dukiyarsa suna wata ƙasa, don haka dole ya yi asirans na rai. Na ce ta yi mini bayani. Ta ce duk wata zai riƙa zuba wani abu ga kamfanin asirans. In ya mutu bai gama biyan banki ba, kamfanin ya biya sauran, gida ya zama na ƴaƴansa, ba mai korar su. In babu asirans, babu rance.

Na juya wa Alhaji maganar. Ya gyara zaman babbar rigarsa.

"Tambaye ta, ita ta san ranar mutuwata ne?"

Na ce mata Alhaji na tambaya ko ba wata hanya. Ta ce babu. Ta turo mana takarda shafi huɗu. Nauyinka nawa, tsawonka nawa, kana shan taba, me ya kashe mahaifinka, me ya kashe mahaifiyarka, an taɓa yanka ka a asibiti. Me ya kashe mahaifinmu? Kwanansa ne ya ƙare. Wane ɗan halak ne zai tsaya kan gawar ubansa yana neman sunan ciwo? Ni kaina raina ya ɓaci. Bayan takardar kuma sai an je wurin likitan kamfanin ya ɗebi jini da fitsari, ya auna zuciya, kamar ragon da ake tayawa.

Kafin mu tashi Madam ta ƙara magana ɗaya, kuma Allah ne shaidata na fassara ta yadda take. Ta ce in akwai wani ciwo a faɗi gaskiya, ba kowane ciwo ke hana asirans ba, wani ƙari kawai ake yi a kan abin da mutum zai riƙa zubawa. Alhaji kalmar ƙari kaɗai ya ji.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gidan Baba Garba, sai na ga Alhaji na ƙare mini kallo tun daga kai har ƙafa.

"Mushe, kai ba ka taɓa kwanciya asibiti ba, ko?"

"Ban taɓa ba."

"Ba ka shan taba, ba ka cin goro, kullum kana taka gada da ƙafa. Gobe kai za ka je wurin likitan nan da katina."

Na ce, "Yaya, wannan ai ha'inci ne."

"Ha'incin me? Jinin nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Nawa ne, naka ne. Ko so kake in zauna arna su yi ta yankata duk wata saboda ɗan sukarin da ban roƙa ba? Saura mako uku wa'adi ya cika. Ni yayanka ne, ban taɓa neman komai wurinka ba."

Wannan ta ƙarshe ƙarya ce, amma ba a ce wa Alhaji ƙarya kake. Kuma kada in wanke kaina da yawa. Na yarda ne don ina ganin mutanen nan da takardunsu sun cancanci a yi musu haka, kuma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi, yau ga abu ɗaya da nake da shi wanda Alhaji ba shi da shi.

Da safe aka naɗa ni. Babbar rigar shadda, hular Alhaji, tabaransa, har agogonsa mai nauyi. Hoton katin ɗan ƙasarsa tsoho ne, tun bai yi tumbi ba, ya fi kama da ni a kan shi. Alhaji ya kafa mini doka ɗaya: banki sun san ba ya jin faransanci, don haka kada in kuskura in furta ko kalma, Baba Garba ne tafinta. Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina ja wa yara kunne kan faransanci, na zauna ina sauraron Baba Garba yana karya shi kamar itacen girki, ina gyaɗa kai. Ma'aikaciyar ko ɗaga ido ba ta yi sosai ba, a wurinta duk mai hula da babbar riga mutum ɗaya ne. Aka ɗebi jini kwalba uku, aka ɗora ni a sikeli, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Likitan, wani siririn dattijo mai furfura, ya ce zuciyar Alhaji kamar ta saurayi. Da muka koma Alhaji ya yi ta dariya har da tari, ya aika aka sayo mana gasasshen kifi.

Kwana huɗu muka jira sakamako. A ciki na ga tekun da kuke ta tambayata. Ruwa ne mai yawa, ba a sha, ba a wanki da shi, ba ya zama wuri ɗaya, sai hauka da ƙara. Kogin Isa namu na Yamai ya fi shi amfani sau dubu. Muka kuma je ganin gidan. Nan kam ba zan yi ƙarya ba, gida ne. Ɗaki huɗu, tayil har bayi, bishiyar kwakwa biyu a tsakar gida, iska na shigowa ta ko'ina. Alhaji ya yi ta shafa bango yana buɗe famfo yana rufewa. Ya nuna inda zai sa kujeru, da ɗakin Hajiya matarsa in ta zo hutu, da inda zai yanka rago ranar tarewa. Tun muna yara ban ga fuskarsa haka ba. Ya nuna wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa ya ce, "In ka zo nan za ka sauka." Ɗakin mai gadi ne, amma na ce na gode.

Rana ta biyar aka kira wayar Baba Garba, wai likita na son ganin Alhaji da kansa. Aka sake naɗa ni. Alhaji ya raka mu, ya tsaya a wata rumfar mai shayi da ke tsallaken titi.

Likitan ya sa aka rufe ƙofa. Ya buɗe takarda, ya dubi Baba Garba ya ce ya fassara a hankali. Sannan ya ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jinin, ta daɗe, shekaru, irin wadda ba ta nuna kanta sai ta gama aiki. Ya ce alamu sun nuna hantar ta fara taurara. Ya ce da an koma gida a ga likitan hanta, ba wata mai zuwa ba, yanzu, kuma a auna mata da yara. Kowace kalma ta shiga kunnena tun kafin ya rufe baki.

Baba Garba ya juyo ya ce mini, "Alhaji, ya ce hantarka ta ɗan gaji. Ka rage maiƙo."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tambayi likitan da faransanci tsantsa, irin na aji, ko ana warkewa. Ya dube ni, ya dubi katin da ke kan tebur, ya sake dubana, ya daɗe. Sannan ya ce ana riƙe ciwon da magani in an fara da wuri. Ya ninke takardar ya sa a ambulan.

"Ni jinin da aka kawo mini na auna," in ji shi. "Mai jinin ya je ya ga likita."

Na tsallaka titi ban ko duba babura ba. Alhaji na zaune da kofin shayi. Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ya ajiye kofin, na ɗauka salati zai yi. Sai ya ce, "To, gidan fa?"

Wallahi maganar likita ba ta yi mini zafin wannan ba. Na tsaya a gabansa cikin rigarsa da hularsa, na ji na tsane su, na tsani kaina da na sa su. Ya ƙara da cewa, "Kai ma ka san ba ka da lafiya ka yi shiru?" Baba Garba ne ya ce masa, "Haba Alhaji, ji tsoron Allah."

Kwana biyu bayan haka Madam ta kira mu banki. Kamfanin asirans ya ƙi. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta yi wa Alhaji fatan samun sauƙi, shi kuma ya zauna yana karɓar gaisuwar ciwon da ba nasa ba. Ya ce in tambaye ta ko za a sake awo. Ta ce sakamakon ya riga ya shiga dosiyensa, wato fayil ɗinsa, kuma duk kamfanin da ya je za a tambaye shi ko an taɓa ƙin sa. Sannan ta ce, da ma sukari ne ko hawan jini, irin na masu shekarunsa, da ƙari kawai za a yi a wuce wurin. Wannan jimlar na fassara masa ita a tsanake, kalma kalma, sau biyu, don kada wani abu ya ɓace a hanya.

Ya yi ta buga waya Yamai yana neman mai ba shi cikon a hannu, kaya ba su fita ba, ba wanda ya amsa. Wa'adi ya cika, mai gida ya riƙe abans, noter ya nuna mana layin da Alhaji ya dangwala hannu. Muka hau kar. Sai a bakin gadar Gaya na nemi ambulan ɗin likita da ya karɓe daga hannuna. Ya ce sunansa ne a kai, kada in je ina nuna wa mutane, in sake awo da sunana. Ya tura shi cikin jakarsa tare da takardun gidan.

Na sake awon da sunana, abin da likitan can ya faɗa shi ne. Na fara shan magani, an auna matata da yara. Ban da ita da Alhaji, ba wanda na gaya wa sai yau.

Mako guda da dawowarmu Hajiya, matar Alhaji, tana kwashe kayan wanki ta ci karo da ambulan. Ta kai wa wani maƙwabcinsu mai sayar da magani ya karanta mata. Kafin azahar Yantala duka ta ji Alhaji Sani na da ciwon hanta, shi ya sa ya fasa sayen gida, kuma don ƙarfin hali ya ɓoye wa iyalinsa. Ya zai ce ba nasa ba ne? Sai ya faɗi yadda sunansa ya hau jinin wani. Don haka ya kwanta.

Ranar Juma'a na je, don in ban je ba za a ce ƙaninsa ba shi da zumunci. Na tarar da falo cike, ƴan kasuwa, limamin unguwa, dangi har daga Maradi. Alhaji na kishingiɗe kan kafet da matashi biyu, ana ya jiki, yana da sauƙi, da wata ƴar siririyar murya da ban san shi da ita ba. A gefensa an tara zuma galan-galan da dabino da ƙullin saiwoyi, kowa da maganin hantar da ya sani. Na durƙusa na ce, "Yaya, ya jiki?" Ya ce da sauƙi, idonsa na kan kafet.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, ya kama hannuna ya ce, "Isufu, ka tsaya wa ɗan'uwanka. Kai da Allah ya ba lafiya, yanzu kai ne ƙafarsa." Na ce to, Kawu.

Da na tashi tafiya Alhaji ya ce a bar shi ya taka ya raka ni, aka yi ta hana shi, ya nace. A zaure, inda ba kowa, ya miƙo mini galan ɗaya na zuma da ya ɓoyo cikin riga. Bai dube ni ba.

"Tafi da ita," in ji shi. "Ai taka ce."